Darasi na 14: Durɓi ta Kusheyi, Makwancin Sarakunan Katsina na Farko

Ɗalibai, kafin mu shiga karatun yau, ga tambayar da na saba yi wa kowane aji idan muka zo wannan darasi. Wane ne a cikinku zai iya faɗin sunan kakan kakansa, ya kuma nuna wurin da aka binne shi? Galibi hannu biyu ko uku ne ke tashi, sauran su yi ta kallon juna suna murmushi. Ba na ganin laifinsu, domin ni ma sai da na girma na je na durƙusa gaban tsofaffin gidanmu kafin na sani. Ku dai riƙe tambayar a zuci. Yau za mu tafi ƙasar Katsina mu ziyarci wata tsohuwar maƙabarta ta zuriya ɗaya, can cikin karkara. Babu sunan kowa a rubuce a kan kabarinsa, amma duk da haka an san abubuwa masu yawa game da waɗanda ke kwance a wurin. Yadda aka yi aka sani, shi ne darasinmu.

Wurin da sunansa

Idan mutum ya fita daga birnin Katsina ya nufi gabas, bayan tafiyar kimanin kilomita 32 zai iske kansa a yankin ƙaramar hukumar Mani. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, ana noma gero da dawa da wake a cikinta, ga itatuwan kuka nan jefi-jefi. A wannan fili akwai waɗansu tuddai na ƙasa. Baƙon da bai san labari ba zai wuce su yana tsammanin tuddai ne irin na ko'ina, alhali kuwa hannun mutane ne ya tara ƙasar a kan gawawwakin manyansu. Sunan wurin Durɓi ta Kusheyi.

Ku dubi sunan da kyau. Kushewa ita ce kabari, jam'inta kusheyi. Tsohuwar kalma ce, ta girmi kabari a bakin Bahaushe, domin shi kabari daga Larabci aka aro shi, kamar yadda aka aro maƙabarta. Yau kun fi jin kabari da kaburbura, amma kushewa tana nan a bakin tsofaffi da mawaƙa. Durɓi kuwa sunan sarauta ne, zuriyar da ta fara riƙe ta kuma ita ake kira Durɓawa. To, wannan "ta" da ke tsakiya fa? Kun riga kun koyi cewa Hausa tana ɗaukar sunayen garuruwa a matsayin mata. Ana cewa Kano ta cika, Ibadan ta yi nisa, Enugu tana da kwal. Shi ya sa ake cewa Kano ta Dabo, Katsina ta Korau. Durɓi ta Kusheyi ke nan, wato garin Durɓi mai kaburbura.

Tun da mun taɓo zancen mutuwa, ya kamata ku san cewa Bahaushe yana taka-tsantsan da harshensa a nan fiye da ko'ina. Mai koyon Hausa yakan ce wa abokinsa, "Na ji babanka ya mutu." Nahawu bai karye ba, amma kunnen mai harshen ba ya jin daɗi. Akuya takan mutu, fitila takan mutu, agogo ma yakan mutu. Mutum kuwa, idan ana son ladabi, rasuwa yake yi. In ana son a ƙara tausasawa sai a ce ya riga mu gidan gaskiya, ko a ce ya kwanta dama. Wanda ya rasu shi ne mamaci. Idan za a ambaci sunansa sai a fara da marigayi, ko marigayiya in mace ce. Jikin mamaci shi ne gawa. Mushe kuwa dabba ce da ta mutu ba a yanka ba, kada ku kuskura ku haɗa kalmomin nan biyu. Idan kuka je gaisuwar mutuwa, wato ta'aziyya, ku ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, Allah ya ba ku haƙuri." Za a amsa muku da "Amin, mun gode."

Me ya sa ake cewa ya kwanta dama? Amsar tana cikin yadda Bahaushe Musulmi yake jana'iza. Ba a jinkirta ta. Wanda ya rasu da safe, sau da yawa kafin la'asar an kai shi makwancinsa. A yi masa wanka, a sa shi cikin farin likkafani, a ɗora shi a makara, a yi masa salla, sannan a kwantar da shi a kabari ta ɓarin damansa, fuskarsa tana kallon alƙibla. A rufe ramin ciki da itace ko fasassun tukwane, a mayar da ƙasa, a ɗan ɗaga ta kamar taƙi ɗaya. Ba a sa masa zobe, ba a sa masa kuɗi, ko hular da ya fi so ba ta bin shi. Sarki da talaka likkafaninsu iri ɗaya ne. A ƙauyuka da yawa ko suna ba a rubutawa. Bayan 'yan shekaru ruwan sama ya baje ɗan tudun, sai dai dattijo ya nuna da sandarsa ya ce, "Nan wane yake."

Yanzu ku gwada wannan da Durɓi ta Kusheyi, inda ake da manyan tuddai da suka sha damina ɗaruruwa ba su baje ba, da mamata da aka binne tare da adonsu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cewa masu wurin wata al'ada suke bi, wadda ta gabaci kafuwar Musulunci a ƙasar.

Abin da baki ya riƙe

Kun karanta labarin Bayajida a baya, da yadda aka ce 'ya'yan ɗansa Bawo sun watsu sun kafa sarautun Hausa. A cikin wannan labari, Kumayau ne ya sami Katsina. Masu ba da tarihin baka suna cewa ba a birnin Katsina na yanzu ya zauna ba, a Durɓi ta Kusheyi ya zauna, shi da waɗanda suka gaje shi, kuma tuddan nan kusheyinsu ne. Jerin sunayensu yakan bambanta daga bakin wannan zuwa bakin wancan. Za ku ji Ramba-Ramba, za ku ji Jarnanata. Amma kusan kowa ya yarda cewa na farko Kumayau ne, na ƙarshe kuma Sanau.

Labarin Sanau ya fi na sauran daɗin ji. An ce gwanin kokawa ne, ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, domin yana da wani asiri da yake ɗaurawa a jikinsa idan zai shiga fage. Ana nan sai ga wani baƙo mai suna Korau ya zo daga 'Yandoto, garin malamai da fatake wanda ke cikin jihar Zamfara a yau. Sanau ya sauke shi, suka zama aminai. A wancan zamani, in ji masu labarin, akwai bikin da sarki kan fito ya yi kokawa a bainar jama'a, wanda ya kayar da shi kuwa ya ci gadon sarauta. Korau ya san ƙarfi kaɗai ba zai yi ba, sai ya biyo ta bayan fage. Ya shawo kan matar Sanau, ta sace asirin mijinta ta ba shi. Ranar biki aka taru a gindin wata tsamiya da ake kira Bawada. Suka kama, kafin ƙiftawar ido Sanau yana ƙasa. Korau ya zare takobi ya yanka shi. Har yau kirarin Korau yana tunawa da shi a matsayin baƙon da ya yanka mai masaukinsa. Wani takobi da ake kira Gajere, wanda ake dangantawa da shi, yana cikin kayan sarautar Katsina, fadar sarki kuma Gidan Korau ake ce mata.

Shin haka abin ya faru daki-daki? Masana tarihi ba sa ɗaukar irin wannan labari kalma da kalma, amma kuma ba sa yar da shi. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda littafinsa kan tarihin Katsina ya fito a 1981, yana cikin waɗanda suka yi nazarin wannan zamani. Abin da masana ke gani a bayan kokawar shi ne canjin mulki na gaske. Iko ya tashi daga hannun tsohon gida, wanda ƙarfinsa ke jingine da bautar iskoki da mallakar ƙasa, ya koma hannun sabon gida mai hulɗa da fatake da malamai, mai zaune a birni. Muhammadu Korau shi ake lissafawa a matsayin sarkin Katsina Musulmi na farko, kuma masana da yawa suna sanya zamaninsa a ƙarni na 15.

Abin da ya fi burge ni shi ne, faɗuwar Sanau ba ta shafe sunan gidansa ba. Durɓi ya zama ɗaya daga cikin manyan hakiman Katsina. Bayan jihadi, lokacin da Ummarun Dallaje ya karɓi mulkin Katsina wajen 1807, sarautu da yawa sun koma hannun Fulani, har da ta Durɓi. Masu riƙe ta sun canza, ita ba ta canza suna ba. Har yau Durɓin Katsina shi ne hakimin Mani, wato ƙasar da kusheyin suke, kuma yana cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da Galadima da 'Yandaka. Ku lura, sarauta ma wata hanya ce ta ajiye tarihi.

Abin da ƙasa ta riƙe

Baki ya ba mu sunaye da labari. Bai gaya mana irin adon da mutanen nan ke yi ba, ko da waɗanne ƙasashe suke ciniki. Wannan sai an tambayi ƙasa, masu tambayarta kuwa su ne masu binciken kufai. Kufai shi ne wurin da mutane suka taɓa zama suka tashi, ba abin da ya rage sai fasassun tukwane da tushen katanga. Masu wannan ilmi sukan tona irin waɗannan wurare a hankali, su auna, su zana, su rubuta inda suka sami kowane abu.

Sau biyu aka yi babban tono a Durɓi ta Kusheyi, kuma bambancin da ke tsakaninsu abin dubawa ne.

Na farko a 1907 aka yi shi, shekara huɗu bayan Turawan Ingila sun kama Katsina. Wani jami'insu mai suna Palmer, wanda ke da sha'awar tarihin ƙasar, shi ya jagoranci aikin da haɗin kan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ga wani abin mamaki: shi kansa Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, Durɓi ne kafin a naɗa shi sarki. Wato mai riƙe da sunan ne ya ba da izini a buɗe makwancin masu sunan na asali. An tona waɗansu daga cikin tuddan, har da mafi girma, an sami tukwane da kayan ƙarfe. Amma bayanin da aka rubuta ɗan kaɗan ne, kayan kuma sun ɓata. A ganina wannan hasara ce da ba ta da magani. Tona kabari kamar fasa tulu ne, ba a mayar da shi yadda yake. Ko a al'adar Bahaushe, wanda ke tuɓe takalmi ya yi sallama idan ya shiga maƙabarta, taɓa makwancin mutum ba ƙaramin abu ba ne. Idan har an taɓa shi don neman ilmi, sannan aka bar ilmin ya zube, to, an tayar da mamaci ne a banza.

Na biyu a 1992 aka yi shi, ƙarƙashin jagorancin wani masani Bajamushe, Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth. An tona tuddai uku, kuma a tsakiyar kowanne an tarar da mamaci ɗaya tare da kayansa. Wannan karon an adana abin da aka samu. A 2007 aka kai kayan wani gidan tarihi da ke birnin Mainz a Jamus, inda ƙwararru suka tsabtace su, suka gyara, suka yi musu gwaje-gwaje. An baje kolinsu a can a 2011, sannan aka dawo da su Nijeriya a 2014.

To, me aka samu? An sami kayan ado na zinariya, har da 'yan kunne. An sami awarwaro na hauren giwa, da mundaye na tagulla da jan ƙarfe, da duwatsun ado na gilashi da na jan dutse, da wuri mai yawa, da ragowar tufafi da fata da itace. An kuma sami wani kwano na ƙarfe wanda aikinsa ya nuna daga ƙasashen Musulmi na Gabas ta Tsakiya ya fito. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da abin faɗi, amma bari mu tsaya a kan biyu.

Mu fara da wuri, domin ɗalibin Hausa yana da riba biyu a nan. Wuri ɓawon wata 'yar halitta ce ta teku. Katsina kuwa ba ta da teku, tafiyar ɗaruruwan kilomita ce tsakaninta da gaɓa mafi kusa. Irin wurin da aka fi yin ciniki da shi a Afirka ta Yamma daga Tekun Indiya yake fitowa, musamman tsibiran Maldibis. Ku duba taswira ku ga nisan. Duk wurin da aka samu a kabarin Mani ya ratsa hannuwa da yawa kafin ya iso. Riba ta biyu ita ce ta harshe. Kun san jam'in wuri? Kuɗi. Kalmar nan da kuke faɗa kullum a kasuwa, asalinta jam'in wuri ce, domin da wuri Hausawa suka daɗe suna saye da sayarwa kafin zuwan sulalla. Shi ya sa har yau idan aka biya mutum kuɗinsa cif-cif a hannu, sai a ce an ba shi naira dubu goma wuri na gugar wuri, ko da yake babu wuri ko ɗaya a cikin abin da ya karɓa.

Sai kwanon ƙarfe. Daga 1250 zuwa 1517 Masar da Sham suna ƙarƙashin mulkin sarakunan da ake kira Mamluk, kuma maƙeran Alƙahira da Dimashƙu sun yi suna wajen ƙera kwanoni da tasoshi masu zane. Yaya irin wannan kaya zai iso ƙauye a ƙasar Katsina? A kan raƙumi. Ayarin fatake yakan taso daga arewacin Afirka ƙarƙashin madugu, ya keta Sahara daga rijiya zuwa rijiya, ya biyo ta Agadas, ya yada zango a ƙasar Hausa. Yakan zo da tufafi da duwatsun ado da ƙarafa da takarda da littattafai. Yakan koma da fatu da hauren giwa da zinariya, da kuma bayi, domin gaskiya ce mai ɗaci cewa mutane ma suna cikin hajar da ta ƙetare hamada. Akwai shaida ta takarda da ke goyon bayan kwanon. Shahararren malamin Masar, Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta wa sarakunan wannan yanki wasiƙar nasiha, kuma cikin waɗanda ya aika wa har da Ibrahim Sarkin Katsina. Hanyar da ta kawo wasiƙa zuwa birni ita ce irin wadda ta kawo kwano zuwa karkara.

Yaya aka san shekarun kaburburan, tun da babu rubutu a kansu? Hanya ɗaya ita ce kwatanta salon kaya da irinsa da aka san zamaninsa a wata ƙasa. Wata hanyar ita ce gwajin kabon, wanda za ku haɗu da shi a darasin kimiyya. Duk abu mai rai, itace ne ko dabba ko mutum, yana ɗauke da wani nau'in sinadari da ake kira kabon-14. Da zarar ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa a kan ƙa'ida sananniya, rabinsa yakan tafi cikin shekara kusan 5,730. Idan aka auna abin da ya rage a guntun itace ko fata, sai a ƙiyasta lokacin mutuwarsa. Binciken ya nuna cewa an yi kimanin shekara 200 ana binne manya a Durɓi ta Kusheyi, daga ƙarni na 13 ko na 14 zuwa ƙarni na 15 ko farkon na 16.

Ku tsaya ku yi lissafi da ni. Mun ce ana sanya zamanin Korau a ƙarni na 15. Kaburbura na baya-bayan nan kuwa sun kai wannan ƙarni, ko ma sun ɗan wuce shi. Ma'ana, a daidai lokacin da sarki Musulmi ke zaune a birnin Katsina, malamai irin su Shaihu Magili suna zuwa koyarwa, tafiyar yini ɗaya daga nan ana iya samun waɗanda ke binne babbansu da zinariya da kwano a ƙarƙashin tudu, yadda kakanninsu ke yi. Labarin kokawa ya nuna mana canji na rana ɗaya: an kama, an kayar, an yanka. Ƙasa kuwa tana nuna cewa canjin a hankali ya zo, tsohuwar al'ada da sabuwa sun yi zaman maƙwabtaka, kuma arzikin tsohon gida bai ƙare nan take ba. Wannan ya dace da abin da muka gani tun ɗazu, cewa an bar wa Durɓi matsayinsa a fada. Baki da ƙasa ba ƙaryata juna suka yi ba, kowanne ya riƙe abin da ɗayan ya saki.

Waɗanda suka fito daga kudu maso gabas a cikinku za su tuna da Igbo-Ukwu a jihar Anambra, inda Thurstan Shaw ya fara tono a 1959, ya sami wani babban mutum da aka binne da kayan tagulla da hauren giwa da dubban duwatsun ado. Igbo-Ukwu ta girmi Durɓi ta Kusheyi da ɗaruruwan shekaru, amma su biyun suna faɗin magana ɗaya: tun kafin jiragen Turawa su tsaya a gaɓar tekunmu, mutanen ƙasar nan suna ƙira, suna ado, suna ciniki da nesa.

Kada jin labarin zinariya ya sa wani ya ɗauki fartanya. Dokar Nijeriya ta hana tona wurin tarihi ba tare da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ba, wadda aka kafa a 1979, ta kuma hana fitar da kayan tarihi waje ba bisa ƙa'ida ba. Dokar tana da dalili. A shekarun 1990 masu tonon sata sun yi ɓarna mai yawa a yankin Nok da sassan Katsina da Sakkwato, suna haƙo mutum-mutumin yumɓu suna sayar wa dillalai. Abin da aka tono ta haka, ko an dawo da shi, ya zama kurma, domin ba wanda zai iya cewa a wane rami aka same shi, a wane zurfi, kusa da me. In kun sami zarafin zuwa Katsina, ku shiga gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, ku tambayi ma'aikatansa labarin Durɓi ta Kusheyi.

Yanzu mu koma ga tambayar da muka fara da ita. A wurare da yawa na ƙasar nan ana binne mutum a cikin gida ko a filin zuriya, wani lokaci a rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan siminti. Ku da kuke da irin wannan kun fi masu binciken Durɓi sauƙin aiki, domin kuna da suna a rubuce, kuna kuma da tsohuwa a ɗaki wadda ta san mai sunan ido da ido. Siminti zai jira ku, tsohuwar ce ba ta da tabbas. Saboda haka aikin gida na wannan mako ba na aji ba ne kaɗai.

Tambayoyi

1. A wace ƙaramar hukuma Durɓi ta Kusheyi take, kuma mene ne ma'anar sunan?
2. Ba da labarin Sanau da Korau da kalmominka, cikin jimloli takwas zuwa goma.
3. Me ya sa marubucin ya ce tonon 1907 hasara ce? Ka yarda da shi? Kawo dalilinka.
4. Ta yaya wuri da kwanon ƙarfe suka nuna cewa Durɓawa suna hulɗa da ƙasashe masu nisa?
5. A wane wuri tarihin baka da binciken kufai suka bambanta game da ƙarshen mulkin Durɓawa?

Harshe

Kawo jam'in waɗannan kalmomi: kushewa, kabari, gawa, tudu, mamaci, wuri. Sannan ka gyara waɗannan jimloli yadda Bahaushe mai ladabi zai faɗe su: (a) Kakata ta mutu bara. (b) An kai mushen sarki maƙabarta. (c) Kano ya yi nisa daga Fatakwal.

Aikin gida

Je wurin mutumin da ya fi kowa tsufa a danginku. Ka gaishe shi yadda al'adarku ta tanada, ka tambaye shi sunan mutum mafi daɗewa da ya sani a zuriyarku, da sana'arsa, da inda ya fito, da inda aka binne shi. Idan wani dattijon ya ba ka labari daban, kada ka zaɓi ɗaya ka yar da ɗaya, rubuta duka biyun tare da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Ka rubuta abin da ka samu da Hausa, cikin kalmomi 150, ka yi amfani da rasu da marigayi ko marigayiya inda ya dace. Za mu karanta guda uku a aji ranar Litinin.